Ɗaukar hoto don sha'awa: unguwa, karkara da dandalin kiɗa

Ɗaukar hoto don sha'awa ita ce ɗaukar da mutum yake yi don ra'ayin kansa, ba don a biya shi ba. Mai sutudiyo yana jiran wanda zai zo neman hoton katin ɗan ƙasa ko na biki, ɗan jarida yana bin labari, shi kuwa ɗan sha'awa abin da ya ja idonsa yake ɗauka: lungun unguwa, rumfar mai shayi, gulbi ya kawo ruwa, ko makaɗi a tsakiyar fili. A garuruwan Nijar yau mafi yawan masu wannan ɗauka da wayar salula suke yi. Hotunan da suke tarawa sukan zama shaidar yadda gari yake a wani zamani, muddin an ɗauke su da kyau, da yardar mutanen da ke ciki, an rubuta wuri da rana, kuma an adana su inda ba za su salwanta ba.

Asali

Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda aka ɗauka da kyamara, na wuri ne na yau da kullum. Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi wajen 1826 zuwa 1827 daga tagar gidansa, babu komai a ciki sai rufin ɗakuna da bango. A 1839 aka bayyana wa jama'a fasahar Louis Daguerre a birnin Paris, shi ya sa ake bikin ranar hoto ta duniya kowace 19 ga Agusta. Shekaru kusan 50 bayan haka aikin yana hannun ƙwararru da masu hali, domin kayan suna da nauyi, sinadaran wankin kuma sai wanda ya koya.

Ƙofa ta buɗe wa talaka a 1888, lokacin da George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai fim na hoto 100. Mutum ya ɗauka, ya aika wa kamfani, a wanke masa. A 1900 aka fito da Brownie a kan dalar Amurka ɗaya. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta bukatar fim, sannan wajen shekarar 2000 wayoyi masu kyamara suka shiga kasuwa a Japan.

A yankinmu masu sutudiyo ne suka fara barin tarihi. Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948. Malick Sidibé ya bi matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogi a shekarun 1960 da 1970, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venise a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina, haifaffen Kotonu, ya yi irin wannan aiki a gidajen rawa da wuraren kiɗa na babban birnin a waɗannan shekaru. Wani fim mai suna Photo Souvenir da ya fito a 2006 ya nuna shi cikin talauci da rashin lafiya bayan kasuwar hoton baƙi da fari ta mutu, ya rasu a 2014. Waɗannan duka da hoto suke ci, amma abin da ya ɗaukaka sunansu shi ne hotunan talakawa cikin harkokinsu, wato irin abin da ɗan sha'awa ke ɗauka yau.

Kamfanonin salula sun fara bazuwa a Nijar daga 2001. Da wayoyi masu kyamara suka yi araha, sai ɗaukar hoto ta bar hannun mai hoto na unguwa ta koma aljihun kowa.

Dalilin da hoton wuri yake da daraja

Gari yana sauyawa, wani lokaci cikin dare ɗaya. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwarin gulbi, aka tayar da garin zuwa tudu. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ginin da ake gani yanzu sabo ne. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Itacen Tenere, wanda ayari ke gane hanya da shi a hamada, wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. Busasshen kututturensa yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, a gurbinsa an kafa na ƙarfe. A ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama mai yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauki wannan masallaci da wayarsa, yau yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba.

Manyan gine-gine irin su hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, ko fadar Sarkin Damagaram, ko masallacin Yama na jihar Tawa wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, ba su rasa masu ɗaukarsu. Abin da ke ɓacewa babu shaida shi ne ƙananan wurare: zauren gida mai zanen magina a goshi, rijiyar unguwa kafin a kawo famfo, marina, maƙera, tashar amalanke, rumbun ƙasa, fadar samari da butar shayinsu. Baƙo ba ya sanin darajarsu, ɗan jarida ba ya zuwa sai an yi gobara ko ambaliya. Ɗan unguwa ne kawai yake wucewa ta gabansu kullum.

Kayan aiki da yadda suke aiki

Kowace kyamara, ta waya ko babba, da abu uku take auna haske. Na farko faɗin ƙofar da haske ke shiga, ana rubuta shi da harafin f: f/1.8 ƙofa ce mai faɗi, f/11 ƙanƙanuwa. Ƙofa mai faɗi tana shigar da haske da yawa, tana fito da abin da aka saita a kai, bayansa ya yi dishi-dishi. Ƙanƙanuwar ƙofa tana fito da na kusa da na nesa gaba ɗaya, ita ta dace da hoton fili. Na biyu tsawon lokacin da ƙofar ke zama a buɗe: 1/500 na daƙiƙa yana tsayar da doki a guje, 1/15 kuwa ko rawar hannu kaɗan sai ta ɓata hoton. Na uku ISO, wato yadda na'urar ke ƙara wa hasken ƙarfi: 100 ya isa da rana, 1600 zuwa 3200 da dare, amma duk ƙarin da aka yi sai hoton ya ƙara yin tsaki-tsaki.

Waya tana yin wannan lissafi da kanta. Yawancin wayoyi suna barin mutum ya taɓa allon a inda yake son saiti, sannan ya ja yatsa sama ko ƙasa don ƙara haske ko rage shi. Wannan ƙaramar dabara ta fi yawan megafiksel amfani. Hoton da za a wanke a girman santimita 10 da 15 bai bukaci fiye da megafiksel 2 da ɗoriya ba, alhali wayoyi da yawa suna ba da 12 ko fiye.

Jawo hoto da yatsu biyu a wayar da ke da ido ɗaya ba ya kusanto da komai, yanka hoton yake yi ya buɗa shi, sai ya dushe. Matsawa da ƙafa ya fi. Idon kyamara kuma yana bukatar gogewa da ƙyalle mai laushi kafin ɗauka, domin zufa da maiƙon yatsa su ne ke sa fitilu su yi jela a hoton dare.

Ƙura da zafi su ne manyan abokan gaban kayan hoto a Sahel. Mai babbar kyamara kada ya sauya mata ido a fili lokacin iskar hunturu, ƙura za ta shiga ta zauna a ciki, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Barin waya ko kyamara cikin mota a rufe a watan Afrilu yana kashe batir. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, batir na biyu ko na'urar ajiye caji wajibi ne ga mai zuwa taron dare.

Haske da lokutan shekara

Maraɗi, Damagaram da Yamai suna kusa da digiri 13 zuwa 14 arewa da tsakiyar duniya, Tawa ta ɗan fi su arewa. Saboda haka rana tana hawa sama ƙwarai, har takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Hasken tsakar rana yana zuba inuwa cikin ramin ido da ƙarƙashin hula ko rawani, yana kuma shafe zanen da ke jikin bangon ƙasa. Sa'a ɗaya bayan fitowar rana da sa'a ɗaya kafin faɗuwarta ne haske ke zuwa a kaikaice, ja-ja, ya fito da kowane tudu da kwarin yaɓe. Bayan faɗuwar rana kuwa hasken ba ya wuce minti 20 zuwa 25, don haka mai son hoton almuru sai ya riga ya zaɓi wurin tsayuwarsa tun la'asar sakaliya.

Kowane lokaci da irin nasa. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana haɗiye nesa, sama ta yi fari, amma yana tausasa haske, ya dace da hoton fuska da na kasuwa, kuma rana takan fito kamar faifai ana iya kallonta. Bazara ta fi wuya, sai da sassafe. Farkon damana yana kawo hadari mai duhu da bangon ƙura a gabansa, wanda ya fi kyau a ɗauka daga nesa, daga wurin fakewa. Bayan ruwa iska takan wanke, launi ya fito. Kaka ita ce lokacin dammunan hatsi, rumbuna da sussuka.

Hoton unguwa da kasuwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne son cusa komai cikin hoto ɗaya. Hoto mai kyau yana da abu guda da ido zai fara sauka a kai: mai tuyar ƙosai, ƙofar zaure, ɗan kabu-kabu yana jiran fasinja. Ana iya kunna layukan da ke raba allon waya gida tara, a ajiye abin a inda layuka suka haɗu maimakon tsakiya. A duba bayan mutum kafin a danna, kada turken wuta ya zama kamar daga kansa ya tsiro. A tsuguna idan yaro ko mai zaune ake ɗauka.

Ga mai son hotonsa ya zama shaida, dabara mafi amfani ita ce maimaitawa: a tsaya wuri ɗaya, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauka kowace shekara ko kowane lokaci. Hotuna goma na mararraba guda cikin shekara goma suna nuna abin da hoto ɗaya ba zai nuna ba. Allunan shaguna, farashin da aka rubuta da alli, samfurin motoci da ɗinkin tufafi, duk suna taimaka wa na baya ya gane zamanin.

Hoton karkara

Fili mai faɗi a ido yakan fito fayau a hoto idan babu wani abu a gaba. Gawo, giginya, kwalekwale, makiyayi ko raƙumi a gaban hoton su ne ke nuna girman abin da ke baya. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ya miƙe, kada ya karkace, kuma a ɗaga shi ko a sauke shi gwargwadon abin da ya fi kyau, sama ko ƙasa.

Wuraren ɗauka suna kusa da kowane gari: tafkin Madarumfa da gulbin Maraɗi, duwatsun da suka kewaye Damagaram, tafkin Tabalak a hanyar Tawa zuwa Agadas, kogin Isa daga gaɓar Yamai da yamma, da raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Namun daji ana ɗaukarsu daga nesa, tare da ɗan jagora, ba a kora su don su yi gudu. Wasu yankunan ƙasar suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ko ƙa'idojin tafiya saboda matsalar tsaro, don haka tambayar hukuma da mutanen wurin kafin fita yana cikin shirin tafiya.

Hoton kiɗa da taro

Wannan shi ne reshe mafi wuya, domin haske kaɗan ne, motsi kuma da yawa. Dama kuwa ba ta yankewa: bukukuwan aure da suna, kalankuwa bayan girbi, hawan salla, wasan kara a Damagaram, Bianu a Agadas, bikin Cure Salée na Ingal a watan Satumba, gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, da kokowar takobi da aka fara a Tawa a 1975, inda makaɗan ƴan kokowa ke cika fili. Akwai kuma wasannin gidajen matasa da al'adu, da na cibiyar Oumarou Ganda a Yamai, inda ake ganin ƙungiyoyi irin su Tal National, Mamar Kassey da Sogha.

Don tsayar da hannun mai kalangu ko mai jita ana bukatar saurin 1/250 ko fiye, da ƙofa a buɗe iyakarta, da ISO mai yawa. Hoto mai tsaki-tsaki amma tsayayye ya fi mai santsi da ya yi rawa. Fitilar waya ba ta kai fiye da mita biyu ko uku, daga cikin taro ƙeyar na gaba kawai take haskawa, ga kuma takura wa mawaƙi. Kashe ta ya fi. Fitilun dandali suna ruɗar waya saboda bayan mawaƙi duhu ne, sai ta ƙara haske fuska ta ƙone fari fat. Maganinsa a taɓa fuskar a allo a rage hasken. Wasu fitilun zamani suna ƙiftawa daidai da bugun wutar lantarki, sau 50 a daƙiƙa a tsarin Nijar, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi. Saukar da sauri zuwa 1/100 ko 1/50 yakan kawar da su.

Sanin kiɗan ya fi sanin na'ura. Wanda ya san waƙa ya san inda zabiya za ta ɗaga hannu, inda ƴan amshi za su karɓa, inda mai algaita zai cika kumatu, sai ya jira wurin. Tsayawa a gefen dandali yana ba da fuska ba tare da makirufo ya rufe baki ba. Rabin labarin yana cikin ƴan kallo: masu liƙi, masu guɗa, yaran da suka hau katanga. Zuwa da wuri a gaisa da masu taro, da kauce wa tare wa mutane gani, suna buɗe ƙofar da kyamara mai tsada ba ta buɗewa.

Izini, ladabi da doka

Sallama da tambaya suna gaba da ɗauka. Mutane da yawa ba sa son a ɗauke su saboda addini, kunya ko tsoron inda hoton zai je, kuma a'a ɗinsu ta wadatar. Matan aure a cikin gida ko a ɓangaren mata na biki, yara, almajirai, marasa lafiya da mabarata suna bukatar kulawa ta musamman. Yaro sai da yardar iyayensa ko mai kula da shi. Yardar ɗauka daban take da yardar yaɗawa: wadda ta yarda a ɗauke ta tana rawa a bikin ƙawarta ba ta ce a sa ta a Facebook ko TikTok ba, kuma irin wannan yaɗawa ta sha jawo rikicin aure da zubar da mutunci. A masallaci, fada, maƙabarta da wasan bori, a nemi izinin masu wurin.

Barikin soja, shingen jami'an tsaro, filin jirgin sama, fadar shugaban ƙasa da makamantansu ba wuraren ɗauka ba ne. Yin haka na iya kai mutum ga ƙwace waya ko tsarewa. Gadoji da gine-ginen gwamnati ma sai an tambaya. Tayar da ƙaramin jirgi mai kyamara yana bukatar izinin hukuma.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin irin waɗannan bayanai. Dokar 2019 kan laifuffukan intanet, wadda aka tsaurara a 2024, tana hukunta ɓata suna da yaɗa abin da ke taɓa mutuncin mutum ko zaman lafiyar jama'a. Ta ɗaya gefen, hoto mallakar wanda ya ɗauke shi ne ko da ɗan sha'awa ne. Jarida ko kamfani ba su da ikon amfani da shi ba da yardarsa ba. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha. Mawaƙi ma yana da haƙƙi a kan wasansa, don haka naɗar waƙa sukutum da bidiyo a yaɗa ta ba daidai yake da ɗaukar hoto ba.

Adanawa

A nan ne mafi yawan hotuna ke mutuwa. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko a sayar da ita, katin ajiya yakan lalace ba gargaɗi. Ƙa'idar da masu adana tarihi ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban: misali waya, kwamfuta ko faifan ajiya, da ma'ajiyar intanet ko gidan ɗan'uwa. WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage ingancinsa, saboda haka ba ma'ajiya ba ne. Aika hoto a WhatsApp a matsayin takarda yana barinsa da cikakken girmansa.

Kowane hoto na waya yana ɗauke da rana da sa'a a ɓoye cikinsa, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Wannan yana taimaka wa tarihi, amma yana iya tona inda gidan mutum yake, don haka a san lokacin kunna shi da na kashe shi. Duk da haka na'ura ba ta san sunan unguwa, sunan makaɗi ko dalilin taro ba. Rubuta su a sunan hoton ko a littafi aikin minti ɗaya ne, shi ke raba shaida da tarkace. Zaɓaɓɓun hotuna a wanke su a takarda, a rubuta bayani a baya da fensir, a ajiye nesa da rana, laima da gara. Tsofaffin hotunan iyaye da ke cikin akwati ma a sake ɗaukarsu da waya a inuwa mai haske, a tambayi dattawa sunayen mutanen ciki tun suna raye.

Mai son hotonsa ya amfani jama'a yana iya sa shi a Wikimedia Commons, ma'ajiyar da Wikipedia ta Hausa ke ɗaukar hotuna daga ciki, inda ake ambaton sunan mai ɗauka amma kowa na iya amfani da hoton bisa sharaɗin lasisin. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, tana karɓar hotunan ƴan sha'awa kan rayuwar yau da kullum a nahiyar kowace shekara.